Kan Wayar da Muka Yanke

 

Da layi ya zo kanmu a wannan makon, mun so mu kawo rubutun da muka yi alkawari kan gina tauraro a gajeren labari. Sai dai akwai bashin da ke wuyanmu tun watan jiya, na wani yaro ɗan shekara 16, kuma tunda a gaban jama'a muka ci bashin, a gaban jama'a ya kamata mu biya. Labarin na kwamfuta ne da waya, amma wanda bai san harkar ba kada ya gudu, a hankali za mu bi.

Masu zuwa zaman karatu na Asabar sun san tun bara ƙungiya ta ɗora mana nauyin taska, mu biyu, saboda mu ne muka yi difloma a fannin kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha. Dalilin kafa taskar kowa ya san shi. Mun gaji da jin "wayata ta faɗa ruwa da littafina a ciki." Aka yi karo-karo aka sayi wata 'yar kwamfuta ta hannu, irin ƙananan nan na ofis da ba su wuce girman ƙamus ba, aka ƙara mata faifan ajiya mai terabait 2. Muka sa mata babbar manhajar Linux, samfurin Debian, domin kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Muka ɗora ta a saman kabad a ɗakinmu, babu allo babu kibod, tana shan wuta daga inbata da batirin solar gidan. Ita ce uwar garkenmu. Aikinta biyu ne kacal, ta karɓi ajiya, ta kuma bayar idan an nema.

Waya ɗaya ce ta fito daga bayanta, mai tsawon mita 18, ta bi gindin bango ta shiga falo inda rauta take. Wata wayar kuma ta tashi daga rauta zuwa wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke ɗakin zaure, inda muke ajiye kwafi na biyu, don ko rufi ya yi yoyo ko ɓarawo ya shigo kada a yi biyu babu. Wanda ya ja wayoyin ya kuma matse musu kai shi ne ƙaninmu, da ke koyon aikin sa kyamarar tsaro a shagon maigidansa idan an tashi makaranta. Ko kuɗin ruwa bai karɓa ba. Wata takwas komai na tafiya lami lafiya, domin abin da ake ajiyewa rubutu ne, kuma littafi sukutum da aka buga a kwamfuta bai kai nauyin hoto ɗaya mai kyau ba.

Sai ga amana ta iso. Wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya, wanda ya shafe shekaru yana rubuta wasannin kwaikwayo na rediyo, jiki ya kwantar da shi. Littattafansa na rubutun hannu guda 14 ne, shafi kusan 1,100, wasu gara ta ɗan taɓa gefensu, wasu tawada ta fara kwaranyewa. Iyalinsa ba su so su bayar ba, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin an sha karɓar takardun mutane da sunan za a buga, a nemi takardu da mai karɓa a rasa. Sai da Shugaba ya yi zarya sau uku kafin babban ɗansa ya yarda, da sharaɗi biyu: mako uku kawai, sannan a zuba masa cikakken kwafi a kwamfutarsa domin ya raba wa ƙannensa.

Muka aro sikana muka duƙufa. Saboda rubutun ya fara dusashewa, muka ɗauki kowane shafi da launi, a ma'aunin ɗigo 600 cikin kowane inci, ba tare da matse hoton ba. Shafi ɗaya a wannan ma'auni yana cin kusan megabait 100. Idan aka lissafa, aikin duka ya kai gigabait 110. Da rana muna ɗauka muna tura wa uwar garke daga laftof, tana karɓa ba gardama. Da dare, idan gida ya yi shiru, sai mu sa kwamfutar zaure ta jawo kwafi na biyu, mu je mu kwanta.

A dare na uku ne abin ya fara. Da asuba muka tarar kwafin ya tsaya a tsakiya, da saƙon cewa ba a samun hanyar zuwa inda fayil yake. Muka sake sawa, ya yi minti bakwai ya yanke. Wani lokaci cikin daƙiƙoƙi kaɗan sai layin ya dawo da kansa kamar ba a yi komai ba. Wani lokaci kuma sai ya yi shiru ɗif, sai an hau kujera an danna maɓallin kashewa an sake kunnawa. Duk wanda ya taɓa jinyar janareto ya san wanda ya mutu murus ya fi sauƙin sha'ani a kan wanda ke tashi lafiya ƙalau idan bakanike ya iso.

A nan ne halinmu na marubuta ya fito. Maimakon mu tambayi na'urar abin da ke damunta, sai muka shiga neman mugu a labarin. Na farko da muka kama shi ne batir. Ai da dare abin ke faruwa, da dare kuma batir ke sauka, magana ta ƙare. Amma da muka leƙa uwar garke bayan wata yankewa da ta dawo da kanta, sai muka ga ba ta mutu ba ko na ƙiftawar ido, lissafin awanninta na ci gaba daga inda yake. Na biyu shi ne kamfanin layi. Har sai da ɗayanmu ya sayi data ta ƙarin kuɗi kafin ɗayan ya tuna masa cewa kayan daga ɗaki suke tafiya zuwa zaure, ko ƙofar gida ba sa leƙawa, balle su hau intanet. Muka yi dariyar kanmu. Na uku ɓera ne. Muka bi waya da tocila taku bayan taku, babu ko alamar haƙori.

Da waɗannan suka kuɓuta, sai ya rage wanda ba shi da bakin kare kansa. Ranar Asabar, mutum tara na zaune a zaure ana jiran a buɗe shafukan Baba a allo, layin ya ɗauke. Kunya ta kama mu. Ƙaninmu ya shigo da butar shayi daidai lokacin, sai ɗayanmu ya ɗaga murya ya ce, "Ga irinta nan, aikin ɗan koyo ke nan."

Ya ajiye butar ya ce, "Yaya, wallahi na gwada ta da testar maigidana kafin na miƙa muku. Duka takwas sun kawo."

"Kai rufe mana baki. Ɗauko filayarka."

Ya ɗauko. Da filayarsa, a gaban baƙi, muka datse kan da ya matse a bayan uwar garke, ya faɗi a kan leda. Muka feɗe wayar muka jera muka matse sabo. Bai ƙara cewa uffan ba. Ya sunkuya ya tsince guntun ya sa a aljihu ya fita. Babu wanda ya ce mana ba mu kyauta ba, domin mu ne masu difloma.

Abin da ya ƙara rufe mana ido shi ne, daren nan da wanda ya biyo baya layin bai yanke ba. Muka rubuta a zauren hirarmu cewa an gano matsalar, kan waya ne, an gyara. Wasunku har da alamar tafi. Mun lura kwafin na jan ƙafa ƙwarai, abin da ya kamata ya ƙare kafin mu gama shan shayi yana kaiwa tsakar dare, amma muka kawar da kai, tunda bai dace da labarin da muka riga muka rubuta ba. A dare na uku ya sake ɗaukewa har gari ya waye. Wannan kam ba mu sanar da kowa ba.

Ranar Lahadin da wa'adi ya cika, ɗan Baba ya iso da laftof ɗinsa. Muka soka masa waya muka fara zubawa. Ya zauna awa biyu a kan tabarma, abin ya yanke sau biyu, kuma duk yankewa sai ta bar fayil rabi da rabi, mu rasa wanne ya shiga lafiya wanne bai shiga ba. Mutumin kirki ne, bai yi faɗa ba. Ya tattara littattafan mahaifinsa cikin jaka ya ce, "Malamai, abin da muka guda ke nan. Ranar Asabar zan koma wurin aiki. Zan dawo Juma'a bayan masallaci. Idan bai samu ba, ku goge naku a gabana, mu rabu da mutunci, maganar bugawa kuma a bar ta." Muka raka shi bakin ƙofa babu mai iya ɗaga ido. Yanzu asalin ya bar hannunmu, kwafi na biyu bai cika ba, kuma cikakken guda ɗayan yana cikin akwatin da ya ƙi bayarwa.

Bayan isha'i muna zaune jugum, ƙaninmu ya yi sallama. Ya zo da 'yar testar maigidansa, ya kuma ciro guntun nan daga aljihu ya ajiye a kan tebur ƙarƙashin fitila. Robar kan garai-garai take, ana ganin ciki. Ya ce, "Yaya, ku duba." Muka duba. Fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Jerin da ake kira T568B ke nan, wanda muka haddace don jarrabawa. Duka takwas sun kai ƙarshen kai, rigar wayar ta shiga ciki an danne ta yadda ya kamata. Sannan ya sa testa a wayar da ke ɗauke da kan da muka matse. Fitilun suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, da aka zo ta bakwai sai ta tsallake.

Ga abin da hakan ke nufi, ga wanda bai sani ba. Wayar nan da ake kira Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka fara tsarawa a cibiyar bincike ta Xerox a Amurka a 1973, a yau silli takwas ne a cikinta, an murɗe su bibbiyu domin murɗin na rage hayaniyar lantarki da ke shigowa daga waje. Gudun megabit 100 silli huɗu kawai yake buƙata, na 1 da 2 da 3 da 6. Gudun megabit 1,000 kuwa sai da duka takwas. Idan aka soka waya, na'urorin biyu sukan yi ciniki a tsakaninsu kan gudun da za su iya, kuma da yawansu idan suka ga wani silli ya mutu sai su sauko zuwa 100 ba tare da sun gaya wa kowa ba. Ashe gyaran da muka yi taƙama da shi gurguntawa ce. Mun rage gudun layin kashi goma zuwa ɗaya, aikin da bai kai rabin awa ba ya koma kusan awa uku. Kuma saboda kayan sun daina zuwa da ƙarfi, ciwon na ainihi ya ɗan lafa, muka ɗauka waraka ce.

Ya datse namu ya matse sabo cikin minti biyu. Fitilu takwas suka kama reras. Gudu ya koma 1,000, yankewa kuma ta dawo da ƙarfinta na farko. A daren ne muka yarda cewa ba mu san abin da ke faruwa ba, kuma daga wannan yardar aikin ya fara.

Da safiyar Litinin muka sayi littafin rubutu mai shafi 40, muka ja layi huɗu: lokaci, abin da ake yi, abu ɗaya da aka canja, sakamako. Muka yi wa kanmu doka cewa ba za a taɓa abu biyu a lokaci guda ba. A laftof muka bar wata 'yar manhaja mai suna ping tana aiki. Wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta ta a 1983, ya raɗa mata sunan ƙarar da jirgin ruwa mai nutso ke aikawa ya saurari amsa-kuwwarta. Duk daƙiƙa tana yi wa uwar garke sallama ta jira amsa, don haka duk lokacin da aka yi shiru muna da shaidarsa a rubuce. Ƙaninmu ne ya riƙe biro, mu muna canje-canje.

Muka sauya kafar da wayar ke shiga a rauta, ya yanke. Muka sauko da uwar garke muka kai ta falo, muka haɗa ta da 'yar gajeriyar waya ta kamfani mai mita ɗaya, ya yanke. Wannan ya wanke doguwar wayar gaba ɗaya, mun kuma ga yadda yaron ya ja layi biyu ƙarƙashin sakamakon. Akwai wani tsarin tsimin wuta da aka shigar cikin ƙa'idar Ethernet a 2010, mai sa layi ya ɗan yi gyangyaɗi idan babu kaya, wanda akan samu na'urorin da ba sa jituwa a kansa. Muka kashe shi, ya yanke. Muka gwada da ƙarfe ɗayan rana, batir cike, rana tsaka, ya yanke. Ashe dare ba shi da laifin komai, mu ne muke yin kwafin da dare.

Wanda ya hango bakin zaren ba mu ba ne. Yana duba shafin sai ya ce, "Yaya, duk inda aka rubuta ana tura mata, babu yankewa. Duk inda aka rubuta ana ɗiba daga wurinta, nan ne." Muka karɓi littafin. Haka ne kuwa. Muka tura mata gigabait 20 a jere, ta shanye ba ko tari. Muka juya muka nemi ta dawo da su, ba ta yi minti huɗu ba ta ɗauke. Waya ba ta san tafiya da dawowa ba, batir ma haka. Abin da ya san bambancin yana cikin akwatin.

Abin kunyar shi ne, tun ranar farko akwatin yana rubuta abin da ke damunsa. Linux na da kundin da take zuba rahoton duk abin da ya faru tsakaninta da sassan na'ura, ana buɗe shi da umarnin dmesg. Mun san da shi. Abin da ya hana mu dubawa lalaci ne da girman kai: idan layin ya mutu ba ma iya shiga daga laftof, idan mun kashe mun kunna kuma wancan shafin ya wuce, sauko da ita a nemo mata allo kuwa muna ganin wahala ce a kan abin da muka riga muka "sani". Ranar Talata da yamma muka je muka durƙusa gaban Umma muka roƙi aron talabijin ɗinta. Ta ce, "Ku dai dawo min da shi kafin shirina." Muka haɗa, muka aro kibod, muka sa kwafi, muka zuba wa allo ido.

Da layin ya ɗauke, sai ga rubutu yana gangarowa, layi ɗaya yana maimaita kansa: "Detected Hardware Unit Hang". Ma'ana, katin sadarwa ya sandare. Katin nan ɗan guntun sashe ne da ke bayan kafar da ake soka waya, shi ke mayar da bayanai su zama siginar da ke bin silli. A ƙarƙashin wannan layin sai rahoton cewa direban katin ya sake tayar da shi, layi ya faɗi, layi ya tashi. Idan tayarwar ta yi nasara, shi ne dawowar nan ta 'yan daƙiƙoƙi. Idan ba ta yi ba, shi ne shirun da ke kaiwa asuba. Da muka gungura sama, sai ga irin wannan rahoto jere, kowanne da lokacinsa, kuma kowane lokaci ya yi daidai da abin da ke cikin littafinmu.

Daga nan neman sani ya yi sauƙi, domin yanzu muna da sunan ciwo. Bari mu kwatanta da kasuwa. Wayar Ethernet a bisa al'ada ba ta ɗaukar ƙunshin da ya wuce bait 1,500 a lokaci guda, wato kamar a ce mudu-mudu ake fitar da kaya. To don a rage wa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki, sai aka ƙirƙiro dabarar da ake kira TSO: babbar manhaja ta miƙa wa katin buhu guda, har kusan kilobait 64, shi ya zauna ya auna shi mudu sama da 40 ya aika. Dabara ce mai kyau, kuma a yawancin na'urori tana tafiya lafiya. Amma akwai katunan da idan buhuna suka yi ta zuwa babu hutu sai awon ya rikice musu, su tsaya cak da kaya a hannu. Wannan awo a wajen aikawa kawai ake yin sa. Shi ya sa uwar garkenmu ke karɓa da fara'a, ta some idan an ce ta bayar. Shi ya sa kuma ta yi wata takwas lafiya, tunda ba a taɓa neman babban kaya daga wurinta ba.

Maganin layi ɗaya ne, da manhajar ethtool, wadda ke magana da katin kai tsaye: ethtool -K eno1 tso off gso off. Wannan eno1 sunan katin ne a tamu na'urar, a ta wani yana iya bambanta. Abin da umarnin ke cewa shi ne a daina ba katin buhu, ƙwaƙwalwa ta yi awon da kanta ta riƙa miƙa masa mudu-mudu. Ta ɗan ƙara gumi, amma a aikin gida irin namu ko a jikinta. Ranar Laraba muka sa kwafin gigabait 110 zuwa zaure, wannan karon da manhajar rsync, wadda idan an katse ta tana ɗorawa daga abin da ya rage maimakon komawa farko. Muka zauna mu uku muna kallon ping na amsawa. Ya tafi har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Ba mu rubuta komai a zauren hira ba, mun koyi wannan darasin.

Gara da ba mu rubuta ba. Daren Laraba an wuni da hadari, batir bai cika ba, wajen asuba inbata ta ɗauke. Da rana ta fito uwar garke ta tashi, muka ce bari mu ƙara gwadawa don samun natsuwa, sai ga yankewa ta dawo. Cikinmu ya ɗuri ruwa, ga Juma'a gobe. Amma wannan karon ba mu nemi wanda za mu kama ba, muka tambayi katin halin da yake ciki. Ya nuna TSO a kunne. Ashe umarnin ethtool ba ya kwana, da zarar na'ura ta mutu ta tashi sai komai ya koma yadda yake. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa mutum zai iya yin wata shida bai gane haka ba, mu kwana ɗaya ya ishe mu. Muka buɗe fayil ɗin da Debian ke karantawa duk lokacin da za ta tayar da layi, wato /etc/network/interfaces, muka rubuta umarnin a ƙarƙashin sunan katin da kalmar post-up a gabansa. Muka kashe ta da gangan sau uku muna kunnawa, kowane karo muna dubawa. Ya zauna.

Ranar Juma'a ɗan Baba ya iso da sallayarsa a kafaɗa. Kafin ya zauna muka gaya masa duk abin da ya faru, har da kan wayar. Muka ce wa ƙaninmu shi zai soka waya ya danna. Minti 24 aka yi. Bayan nan muka sa kwamfutocin biyu suka lissafa hatimin kowane fayil muka gwama, don a tabbata ko harafi ɗaya bai canja a hanya ba. Duka suka yi daidai. Ya buɗe littafi na shida, ya ƙara girman wani shafi har ana ganin inda biron mahaifinsa ya ƙare ya canja wani, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi yaron ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanena." Maganar bugawa tana nan, masu buga rubutu sun riga sun kai littafi na huɗu.

Mun daɗe muna juya abin a zuciya. A makaranta an koya mana cewa idan layi ya lalace a fara dubawa daga ƙasa, daga waya, kuma wannan gaskiya ne. Amma duba waya daban, yanke hukunci daban. Testa na nan, mai ita ya ce ya gwada, minti ɗaya ya isa mu tabbatar. Ba mu yi ba saboda labarin ya riga ya yi mana daɗi: ga ƙwararru, ga ɗan koyo, ga kuskure. Mu da muke zama duk Asabar muna gaya wa juna cewa kada a yi wa tauraro ƙage don labari ya tafi daidai, mu ne muka yi wa ɗan gidanmu. Laifi tudu ne.

Ga duk wanda ke da irin wannan 'yar na'ura a gida ko a shago, abin da za mu iya ba shi shi ne abin da muka saya da tsada. Ya nemi littafi da biro kafin filaya. Ya canja abu ɗaya a lokaci guda. Ya lura da abin da ake yi lokacin da layin ya faɗi, ba ƙarfe nawa ba kawai. Ya buɗe kundin rahoto tun ranar farko, ko da sai ya aro talabijin. Idan matsala ta lafa bayan gyara, ya duba gudun layin kafin ya yi shela. Kuma ba kowace yankewa ce irin tamu ba, wata waya ce da gaske, wata rauta ce, don haka kada a kwafi umarninmu sai an ga shaidar da ta kai mu gare shi.

Saura biyan bashi. Mun ba shi haƙuri a ɗaki, ya ce, "Ba komai Yaya, ya wuce." Amma mutum tara ne suka ji abin da aka faɗa masa a zaure, da yawa kuma suka karanta sanarwarmu ta ƙarya. Don haka muna faɗa a nan: aikin ƙaninmu ba shi da aibu, namu ne ya zo da silli matacce, kuma shi ne ya hango inda ciwon yake. Mun roƙi Shugaba a sa shi cikin masu kula da taska, an amince. Guntun kan wayar yana manne da salatif a bangon littafin nan mai shafi 40, a saman kabad kusa da uwar garke. Duk wanda ya zo Asabar zai iya dubawa, launukan na nan a jere.

A taya mu yi wa Baba addu'ar samun sauƙi. Rubutun gina tauraro kuma yana nan tafe idan layi ya sake zagayowa kanmu, in Allah ya kai mu.